Lu'ulu'un Bakan Gizo

Bakan Gizo ba ta iya ganin mutum cikin kayan da ba su karɓe shi ba ta yi shiru. Aibinta ke nan, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba, hasali ma ba ta taɓa yarda cewa aibi ne ba. In mace ta shigo da doguwar riga ruwan ƙasa, sai ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wa ya rasu?" In wata ta haɗa ja da kore da ruwan ɗorawa ta ɗora sarƙa mai kauri a kai, sai ta ce, "Ɗaya ya yi shiru mana, kowa na ihu a jikinki." Ta rabu da ƙawaye a kan haka, ta ɓata da dangin miji, ta sa 'yar maƙwabta kuka ranar da za ta fita neman aiki. Da aka matsa mata ta ba da haƙuri sai ta ce ita ba ta zagi kowa ba, da rigar take.

Aikinta yankan kati a wani asibiti, kuma a nan ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, kantoci cike da katunan marasa lafiya har rufi, da wata fanka mai kuka. Wanda ya tsaya a layi ba ya ganin komai nata sai daga ƙirji zuwa sama, don haka a nan ta zuba ƙarfinta: ɗankwali, wuyan riga, da abin wuya. Takalmi kuwa duk wanda ƙafa ta samu. Takan ce bango fari, likita fari, nas fara, benci ruwan toka, mutum ya kwana da ciwo ya zo ya tarar da ita ma kamar bangon? Wannan gaskiya ne, amma da saura. Tana son a kalle ta, kuma ana kallon. Direbobin motar asibiti ne suka laƙaba mata Bakan Gizo don tsiya, ita kuwa ta karɓe sunan ta riƙe, har nata na gaskiya ya ɓace a bakin mutane.

Sai dai sunan bai yi mata adalci ba, don ba ta taɓa jibga kaloli barkatai a jikinta ba. Biyu take sawa: ɗaya mai magana, ɗaya mai saurare. Riga ruwan lemo da ɗankwali shuɗi mai duhu. Kore shar da ruwan madara. Ja da baƙi kaɗan a baki-baki. Ba ta sayen yadi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sai ta jawo shi bakin ƙofar shago inda rana take, ta kara shi a ƙarƙashin haɓarta, ta sa mai shagon ya riƙe mata madubi yana gunaguni. In yadin ya haska fuskarta ta saya, in ya shanye ta ta mayar. A tsakanin kalolin biyu kuma, kullum, akwai lu'ulu'unta. Shi ne alƙali, in ji ta, shi yake hana su faɗa.

Sili ɗaya ne tak. Ita ta saya wa kanta tun farkon kama aikinta, a shagon wani tsoho mai sayar da kayan da, kuma tana son a san ba namijin da ya saya mata. Ƙwayoyin ƙanana ne, ba farare tas ba, suna da ɗan ruwan zuma, kuma ba su yi kai ɗaya ba. Akwai ɗaya karkatacciya kamar haƙorin yaro, wadda take sawa a ƙeya kusa da ƙugiya. Maigidanta, wani mai gyaran rediyo da ba ya son hayaniya, ya ce shi bai ga bambancinsu da na roba ba. Ta ce ya buɗe baki, ta goga masa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ya ji ta gurje shi kamar yashi mai laushi.

"Na roba santsi gare shi," in ji ta. "Na gaske yana da hali."

Ya ce to yanzu ya ga inda suka yi kama. Bai sake sa baki a kansu ba har ya rasu.

Su ne na ƙarshe da take sawa, bayan mai ya shiga jiki turare ya bushe, su ne kuma na farko da take cirewa. Ta goge su da tsumma mai laushi ta shimfiɗa a kwance, ba ta ratayewa don kada zaren ya saki. Ba ta kulle su a akwati. Takan ce lu'ulu'u ɗan ruwa ne, in aka hana shi iska da ɗumin jikin mutum bushewa yake ya mutu. Idan zaren ya yi dauɗa, sai ta zauna bakin taga da faranti an shimfiɗa masa tawul, da zaren siliki da siraran allurai, ta kwance su ta sake shiryawa da kanta, tana ƙulli bayan kowace ƙwaya. Ƙullin yana hana su gogar juna, in kuma zare ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba duka ba. Ranar wannan aiki ba mai zuwa kusa da farantin. Autarta, tun tana 'yar ƙarama, takan lallaɓo ta tsaya tana leƙe, amsar kuma ɗaya ce kullum: "Matsa can, hannunki da maiƙo."

'Ya'yanta biyu. Namijin aiki ya kai shi nesa, sai dai waya. Auta ce ta zauna kusa, ita ce kuma ta fi shan bakin. Tana budurwa ta taɓa haɗa siket kore da riga ja, ta fito falo tana murmushi a gaban baƙi, uwar ta ce, "Wa ya yanka kankana bai rufe ba?" Baƙi suka yi dariya. Tun daga ranar Auta ta koma ruwan toka da baƙi da ruwan ƙasa, kalolin da ba abin da za a ce a kansu sai "wa ya rasu", wannan kuwa kunnenta ya saba. Ta girma ta buɗe shagon wanki da guga, ta yi suna a kan fitar da tabo. Ita a wurinta babu dauɗar da ta gagari jiƙo. Uwar takan kira ta Hajiya Toka, ita kuma ta amsa ba ta ko ɗago kai ba.

Bayan ritaya da 'yan shekaru, wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannun Bakan Gizo na hagu. Ta sunkuya za ta ɗauka, ba ta tashi ba. Ɓarin jikinta ya shanye. An kwantar da ita a wani ƙaramin asibiti na kusa da gida, a can aka cire mata lu'ulu'un aka miƙa wa Auta. Da aka sallame ta sai gidan Auta, ɗakin da ke kusa da banɗaki.

Ba wanda zai ce Auta ba ta yi jinya ba. Wanka a kan lokaci, magani a kan lokaci, zanen gado kullum yana ƙamshin guga. Ta kuma sayo wa uwar riguna manya masu zif a gaba, ruwan toka da ruwan ƙasa, don ba sa nuna tabon abinci, kuma shanyayyen hannu yana shiga ba wahala. Kayanta na da aka zuba a akwatuna aka ɗora saman kabad, inda take kallonsu daga gado. A farkon ciwon bakin ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Takan ja rigar da hannun dama tana nuna akwatunan, Auta ta ce, "Zafi kike ji, Inna?" ta ƙara fanka. Macen da ta rayu da bakinta da kalarta, an ƙwace mata duka biyun a safiya ɗaya, aka bar mata ido ta yi ta kallo.

Bakin ne ya fara dawowa. Kalmar farko da ta fita sarai, ta kama rigar a ƙirji ta ce, "Buhu."

Mijin Auta, mai koyar da tuƙin mota ne, mutum mai sanyi da son zolaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna ta warke." Auta ta ce ita dama ta san ko komai ya mutu bakin nan sai ya yi saura.

Sai likita ya ce lokaci ya yi da za a fara kai ta gashi, wato a riƙa motsa hannu da ƙafar da suka shanye, in ba haka ba za su sandare. Sashen gashin kuwa yana babban asibitin da ta yi aiki, kuma ba a shigarsa sai an bi ta gaban tagar kati.

"Ba zan je a buhu ba," in ji ta.

"Inna, asibiti za mu, ba gidan hoto ba."

"Na fi ki sanin inda za mu. Sauko mini da koren akwati. Rigata ruwan lemo, da shuɗin ɗankwali. Ki kuma kawo mini lu'ulu'una."

"Hannunki ba zai shiga rigar nan ba. Ko da lafiyarki da addu'a kike shigarta."

"To hannun ya zauna a gida."

"Likita ya ce zai sandare."

"Ya sandare."

Ranar da aka ba su ta wuce, aka ba su wata, ita ma ta wuce. Yatsun hagu suka fara lanƙwashewa zuwa tafin hannu. Tana gani, tana kuma jin tsoro, takan kama su da hannun dama ta miƙe su in ba kowa a ɗakin, su koma. Amma ta fi tsoron a tura ta a keken marasa lafiya ta gaban tagar kati cikin ruwan toka, mutanen da ta yi shekaru tana yi wa gyara su sunkuyo su ce mata sannu. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, duk lokacin da ta ambaci lu'ulu'u sai Auta ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana da la'asar ta ritsa Auta tana canza zanen gado.

"Kin sayar ne?"

"Haba, Inna."

"To kin ɓatar."

Auta ta fita, ta dawo da wata 'yar leda a ƙulle ta ajiye mata a cinya, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Bakan Gizo ta kwance ledar da haƙori da hannu ɗaya. Abin da ya zubo kamar an shirya guntayen alli a zare. Hasken nan da yake zaune a cikin ƙwayar, wanda yake bin mutum in ta juya wuya, babu shi. Sun yi fari fat, busassu, in an shafa sai a ji gari-gari a yatsa.

"Da aka ba ni su a asibiti duk amai ne da gumi," in ji Auta. "Na ga kuma sun yi ja-ja. Sai na ce bari in fitar miki da su kafin ki tashi. Na jiƙa su a ruwan lemun tsami da garin sabulu suka kwana, da safe na bi su da buroshi. Haka nake yi wa 'yan kunnen mutane, suna fita kamar sababbi."

"Ja-jan nan kalarsu ce."

"Yanzu na sani."

"Tsami cin su yake. Wa bai san wannan ba?" in ji Bakan Gizo. "Ke dai duk abin da kika taɓa sai ya koma toka."

Auta ba ta yi kuka ba, ta wuce shekarun yi wa wannan bakin kuka. Ta ce, "Yaushe kika gaya mini? Tun ban kai tsawon taga ba nake son in san yadda ake yi da su. Abin da na koya a wurinki guda ne, matsa can. To na matsa."

Ta ja ƙofa. In baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Bakan Gizo ta finciki silin don haushi, zaren da ya riga ya ruɓe ya tsinke. Ƙullin ya yi aikinsa, ƙwaya ɗaya ce ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin gado inda ba ta iya kaiwa.

Daga nan gidan ya yi tsit. Auta ba ta fasa komai ba, wanka, magani, abinci, amma ba ta ƙara kalma a kan "buɗe baki" da "ɗaga hannu" ba. Bakan Gizo ta sa surukinta ya kawo mata faranti da tawul da gwangwanin zarenta, ta ce a ja mata kujera bakin taga. Ta yanke tsohon zaren da reza tana danne silin da haɓa. Wannan ya yiwu. Zura zare a allura ne ya gagara. Ta soka allurar a tawul ta tsaya, ta nufi kafar da zare, allurar ta kwanta. Ta riƙe ta da leɓe, leɓen hagu ya saki. Ta ɗauko shanyayyen hannun ta aza a kan zaren kamar dutse, da ta ja sai ya zame ya ture farantin. Aikin da take yi tana sauraren rediyo, yau ya mayar da ita ƙaramar yarinya. Ta zagi allura, ta zagi zare, ta zagi hannun.

A haka surukin ya same ta da ya dawo daga aiki.

"Inna, in samo miki wasu? Na ga masu kyau a kasuwa, manya-manya, ba mai ganewa."

"Ni zan gane."

"To a kai wa maƙerin zinariya ya shirya."

"Ya zura su a zaren kamun kifi ba ƙulli ko ɗaya? Na ga aikinsu."

Ya tsuguna ya zura hannu ƙarƙashin gado, ya lalubo ƙwayar da ta faɗi, ya hure mata ƙura ya ajiye a tawul. Karkatacciyar ce.

"Ni dai abin da na sani a koyar da tuƙi," in ji shi, "in ka yi wa ɗalibi tsawa sai ya taka totur a maimakon birki. Hannu biyu kike nema, Inna. Suna shago suna guga."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. A wurinki nake koyo."

Kashegari da hantsi sai ga telanta, tsohon da ya yi mata ɗinki tun tana aiki, da awo rataye a wuya. An riga an sauko da koren akwati, rigar ruwan lemo tana kan kujera an goge ta.

"Bakan Gizo, ashe da gaske ne. An ce mini kin yi shiru har na wani lokaci, na ce ƙarya ake miki."

"Kai har yanzu ba ka rabu da rigar nan ba? Tun ina aiki take neman ritaya."

"To, lafiya ta samu."

Ya farke rigar ta gefen hagu, daga ƙasan hannu har ƙugu, ya ce zai sa mata ƙananan maɓallai masu mannewa daga ciki, a shigar da hannun a kwance sannan a rufe, ba mai gani sai wanda ya zo nema. Ta duba zaren da ya ciro ta ce wannan ruwan ƙwai ne, ba ruwan lemo ba. Ya ce a ciki zai ɓuya. Ta ce ita za ta san yana nan. Ya zazzage jakarsa a kan gado har ya samo wanda ta yarda da shi, yana cewa da ya san bakin ya dawo haka da ya ce ba ya gari.

"Wa ya kira ka?" ta tambaye shi yana haɗa kaya.

"'Yarki. Ta ce in zo da haƙurina."

Riga ta samu, wuya babu komai. Ruwan lemo da shuɗi ba alƙali, faɗa za su yi a fuskarta, kuma ta san ba za ta fita haka ba. Yatsun kuwa ba sa jiran kowa. Ta wuni tana kallon farantin. Da Auta ta shigo da maganin la'asar ta ajiye ta juya, sai uwar ta ce, "Ke."

Auta ta tsaya.

"Zo ki riƙe mini allura."

"Hannuna da maiƙo."

Bakan Gizo ta dubi hannun. Sabulu ya cinye shi, fatar ta yi fari ta tsattsage a gaɓoɓi, ga tabon dutsen guga a wuyan hannu. Rabon da ta kalli hannun 'yarta da kyau har ta manta. Ta nemi kalmar ban haƙuri a bakinta ta rasa, ba ta taɓa ajiye irinta ba. Sai ta ce, "Babu. Na duba."

Auta ta jawo kujera ta zauna.

"Ƙananan a gefe, manyan a tsakiya, karkatacciyar a ƙarshe. Zura ɗaya. Yanzu yi ɗan zarge da zaren, kada ki ja. Sa kan ɗaya allurar a cikinsa, ki tura shi har ya manne da ƙwayar. Sai ki ja zaren a hankali ki zare allurar."

Ƙullin farko ya sauka nesa da ƙwayar, har yatsa zai shiga tsakani. Magana ta zo wa Bakan Gizo a shirye, mai kyau, irin wadda za ta sa ɗaki dariya. Ta ji ta a kan harshe. Ta haɗiye ta, ta wuce da ɗaci kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Kwance," in ji ta. "Kowa haka yake farawa."

Ba ta yarda da wannan ba, ita a tunaninta tun karon farko ta iya. Amma Auta ta kwance ta sake. Na biyu ya matso, na gaba ya zauna daidai. Suka yi nisa ba mai magana sai "ja" da "isa haka". Can hasken taga ya faɗo a kan rigar Auta, ruwan toka mai duhu, ta shanye mata fuska kamar mai fama da zazzaɓi. Hali zanen dutse.

"Wannan rigar kuwa..."

Auta ta ajiye allura ta harɗe hannu. Fanka tana ta juyawa.

"...ba ta hana aiki," in ji Bakan Gizo.

Auta ta ɗauki allurar.

Ba a zama ɗaya suka gama ba, don Auta tana da shago, hasken taga kuma ba ya jira. Kafin su kai ƙarshe ƙullin Auta ya fi na uwar matsewa. Bakan Gizo ta gani, ta ce, "Ba laifi." Da aka ɗaura ƙugiya Auta ta ɗaga silin a rana ta juya shi, bai amsa ba.

"Za su dawo?"

"A'a."

"Ko an shafa musu mai?"

"Abin da tsami ya ci ya ci. Ba tabo ba ne da za ki fitar."

Ranar zuwa gashi aka shigar da hannun a rigar aka rufe maɓallai. Auta ta ɗaura mata ɗankwali, aka kwance, aka sake, aka kuma kwance, har surukin ya gaji da zaman mota ya shigo ya jingina da ƙofa. Turare ya bushe, aka sa lu'ulu'u. Ta ce a kawo madubi bakin taga. Bakin yana nan a ɗan karkace, ƙwayoyin kamar alli, amma ruwan lemon ya tashi fuskarta yadda ya saba.

"Tura keken," in ji ta.

A asibitin an rushe tsohuwar tagar an sa gilashi, an kwashe kantocin kati, wata yarinya ce zaune a bayan kwamfuta. Direbobin da ke hira a bakin ƙofa yara ne, ba ta san ko ɗaya ba. Nas-nas suka wuce ta ba wadda ta waiwayo. Duk mutanen da ta ƙi fitowa saboda idonsu sun yi ritaya ko sun mutu, kuma wannan ya fi ba ta haushi a kan da sun sunkuyo sun ce sannu. Yarinyar ta miƙo takarda ta ce, "Mama, rigarki ta yi kyau. Sai dai abin wuyan ya kamata ki canza, robar ta koɗe."

Kafin Bakan Gizo ta buɗe baki Auta ta riga ta.

"Lu'ulu'u ne, na gaske. Ni na ɓata su."

Bakan Gizo ta dubi mayafin yarinyar, ruwan ƙasa a kan riga ruwan ƙasa. "Ke kuma wa ya rasu?"

Auta ta tura keken da sauri. A kwanar sashen gashi ne wata tsohuwa mai shara ta dogara da tsintsiyarta ta ƙura mata ido. "Bakan Gizo? Tun daga nesa na ce ko labule ne ya kama da wuta." Ita kaɗai ce ta gane ta a duk asibitin, kuma Bakan Gizo ta riƙe maganar tana maimaita wa duk wanda ya zo dubiya.

Jinkirin ya ci nasa. Ƙafar ta dawo har tana takawa da sanda, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su sake miƙewa ba, kuma mai gashin bai ɓoye mata dalili ba. Ta ce ta ji. Tela ya farke mata sauran rigunan ɗaya bayan ɗaya, buhunan kuma Auta ta kai shago tana shimfiɗawa a teburin guga.

Da jiki ya ƙara nauyi, kwanciya ta fi zama yawa, ƙugiyar ta fara cin ƙeyarta a kan matashi. Wata ranar hutu da hantsi ta sa aka cire mata silin, ta kira Auta da mijinta, ta ce a kira ɗanta namiji a waya shi ma ya ji, kada gobe ya ce ba a gaya masa ba.

"Ba wasiyya ba ce, ba inda za ni tukuna," in ji ta. "Kada a sa su a leda, kada a kulle su a akwati, kada kowa ya ce zai wanke su. Ko a mace suke suna son jikin mutum. Ranar da ban tashi ba, ke za ki sa su. Sai turare ya bushe. In za ki taɓa ruwan wanki ki cire. Kai kuma malamin tuƙi, ka kai ta shagon yadi da rana tsaka, ka jawo ta bakin ƙofa ka riƙe mata madubi. A kara mata shunayya a ƙarƙashin haɓa. In ba ta so ta bari, wuyanta ne. Amma don Allah a gwada."